Filasta a Kusurwar Injin Awo

Ba likita ba ne, bai kuma taɓa ce wa kowa shi likita ba ne. Amma shekara ashirin da bakwai ke nan mutanen layin suna kiransa Dokta, yana amsawa. Kemis ɗinsa yana tsakanin shagon aski da rumfar mai gyaran waya. Ɗaki ɗaya ne, taku biyar ka kai bango. Akwai kanta ta gilashi da ta tsage a gefe, da ƙaramin firiji mai gurnani, da wata kalanda da shekararta ta daɗe da wucewa amma ya bar ta saboda tana rufe wani tabo a bango. A bakin ƙofa kuma akwai benci, wanda ba ya rabuwa da mutane tun daga safe har a rufe.

Yana aji huɗu a sakandare mahaifinsa ya rasu, karatun ya tsaya nan. Wani tsohon mai kemis ya ɗauke shi aiki, ya yi shekara tara a bayan kantarsa. A can ya koyi karanta rubutun likitoci, wanda su kansu wani lokaci ba sa iya karantawa. Ya koyi sanin magani da kwalinsa da ƙamshinsa, ya koyi duban idon jariri ya gane ko zazzaɓin na kwana ɗaya ne ko na gudu asibiti. Daga baya ya yi ɗan kwas, ya karɓi takardar izini, ya buɗe nasa shagon. Ya yi aure, Allah ya ba shi 'ya'ya huɗu. Uku suna wasu garuruwa. Babbar, wadda kowa ke ce wa Malama saboda tana koyarwa a firamare, tana aure a unguwar da ke gaba da tasu. Shi Uwata yake ce mata.

Ba yawan sani ne ya sa aka yarda da shi ba. Ya san inda saninsa ya tsaya. Ba ya allura, ba ya ƙarin ruwa, ba ya ɗinki. In an kawo masa abin da bai gane ba, sai ya dafa kanta ya ce, "Wannan ya fi ƙarfina, a wuce asibiti yanzu." Ya sha rufe shago ya raka mutum da ƙafarsa. Shi ya sa duk ranar da Dokta ya ce maka ba komai, sai ka koma gida hankalinka kwance.

Abu ɗaya yake ɓoyewa tun yana saurayi. Takardun nan masu ƙananan rubutu da ake naɗewa a cikin kwali suna ba shi wahala. Yana iya karanta su, amma a hankali, yana bin layi da yatsa, leɓensa na motsi, wasu kalmomin kuma sai dai ya tsallake. Ba ya so a gan shi yana haka. In sabuwar takarda ta zo, sai ya jefa ta aljihun tebur ya ce zai duba in mutane sun ragu. Mutane kuwa ba sa raguwa.

Wanda ya fi kowa zama a bencin nan Kafinta ne, kuma yana da hujja, don shi ya ƙera shi. Ya girmi Dokta da shekara goma sha biyu, ya haura saba'in. Dogo ne siriri, da fensir a bayan kunne ko da ranar ba ya aiki. Wurin aikinsa yana can ƙarshen layin. Kullum da hantsi sai ya taho ya zauna, su sha shayi, ya yi ta yi wa masu wucewa tsiya. Yana da hawan jini, kuma duk ranar Litinin Dokta ne ke auna shi.

Tsohon abin awon na famfo ne, irin wanda ake matsawa da hannu ana saurare da kunne. Da robarsa ta tsage, kunnen Dokta kuma ya fara nauyi, sai Malama ta kawo masa sabo mai batir. Ka ɗaura a damtse, ka danna, ya hura kansa, lambobi su fito a gilashi.

Ranar da ya buɗe kwalin, a kansa ya fara gwadawa. Lambobin suka fito ba laifi. Sai dai a kusurwar gilashin, can ƙasa, wata 'yar zuciya ta bayyana tana ƙiftawa, da layuka biyu a gefenta kamar mai rawar sanyi.

"Kawo hannunka, Yaya," ya ce da Kafinta.

Kafinta ya naɗe hannun riga. Injin ya hura, ya saki. Lambobi suka fito, 'yar zuciyar ma ta fito tana ƙiftawa.

"Wannan 'yar abar fa, me take cewa?"

Dokta ya zaro takardar da ke cikin kwalin. An naɗe ta sau takwas, rubutun kamar jerin tururuwa. Mai gyaran waya yana tsaye a ƙofa yana kallon sabon abu, ga wata mata tana jiran maganin tari. Ya ɗan juya takardar gaba da baya, ya jefa ta aljihun tebur.

"Ga ta ta fito min, ga ta ta fito maka. Kowa take yi wa. Alama ce kawai cewa injin ya ji zuciyar mutum."

"Ato. Na ɗauka cewa take na mutu ban sani ba."

"Kai ai sai ka ƙera wa dukanmu makara kafin ka tafi."

Aka yi dariya. Kuma a lokacin Dokta ya yarda da abin da ya faɗa. Mutum biyu aka auna, mutum biyu ta fito wa. Da ya tuna yadda tsofaffin layin suke da tambaya, ya ga kowa zai riƙa nuna abin da yatsa yana tsorata. Sai ya ɗauko almakashi, ya yanki filasta daidai farcen babban yatsa, ya manna a kusurwar. Daga ranar ba wanda ya ƙara ganin abin da ke ƙarƙashinta, har shi.

Maganar gaskiya, ƙirjinsa ya riga injin yin magana. Ranar farko yana ɗaga kwalin maganin ruwa zai ɗora a kan kanta ne ya ji abu ya tashi a ƙirjinsa, kamar tsuntsu ya shigo ɗaki yana neman hanyar fita. Zuciyar ta yi gudu, ta yi tuntuɓe, ta tsaya kamar ta manta abin da take yi, ta sake kwasa. Ya ajiye kwalin ya zauna. Bayan minti goma abin ya wuce kamar ba a yi ba. Daga nan ya riƙa zuwa, wani lokaci sau ɗaya a sati, wani lokaci sau uku, wani lokaci ya ɗauki awa guda. Gumi ya karyo masa, numfashi ya yi gajere. Ya samo wa abin dabara. In ya taso alhali akwai mutane a shago, sai ya durƙusa bayan kanta kamar yana gyara kayan ƙasa, ya jira.

Ya ɗora wa shayi laifi, ya rage shayi. Ya ɗora wa zafi. Ya ɗora wa shekaru. Wata rana da rana tsaka ba kowa a shago, ya sa yatsu biyu a wuyan hannunsa yadda ya sha yi wa wasu. Bugun yana zuwa ba tsari, uku a jere, sarari, biyu a guje. Ya janye yatsun kamar ya taɓa tukunya mai zafi. Idonsa ya kai kan filastar da ke jikin injin, ya kau da kai.

Uwargidansa ta lura. Wata safiya tana miƙa masa kofi ta ga ya yi shiru, kansa a karkace.

"Maigida, ka yi tsit kamar mai sauraron ɓera a rufin ɗaki."

"Tunani nake."

"Tunanin ne yake sa gumi da sanyin safiyar nan?"

Ya ce mata ta bar shi ya sha abinsa. Ta bar shi, amma idonta bai bar shi ba har ya fita.

A wata na biyar da zuwan injin, Kafinta ya zauna a benci, ya ƙi taɓa shayinsa. Ya jira sai da shagon ya yi sarari sannan ya dafa ƙirji.

"Dokta, akwai wani aiki da ake yi a nan ba da izinina ba. Kamar an ba wanda bai iya ba guduma. Ya buga, ya buga, ya kuskure, ya tsaya, ya sake. Sai in ji jiri."

Da wani ne ya faɗi haka shekara biyu da suka wuce, da tuni Dokta ya dafa kanta ya faɗi maganarsa da aka sani. Amma Kafinta ya kwatanta masa abin da ke cikin rigarsa ne, bai rage komai ba. In ya ce zuciya ce, to ba Kafinta kaɗai ya gaya wa ba. Ya ji bakinsa yana magana tun kafin ya gama shawara.

"Olsa ce ke taso maka, Yaya. Iska ce take hawowa. Kana daɗewa ba ka ci abinci ba."

Ya ɗauko masa farin maganin ruwa, cokali biyu bayan abinci.

Bayan sati biyu ɗan Kafinta ya zo gari. Direban babbar mota ne, sai ya yi wata biyu bai kwana a gida ba. Ya ga yadda uban yake tsayawa a tsakiyar magana yana dafe ƙirji, ya ce su tafi asibiti. Kafinta ya buɗe masa wuta a gaban matar ɗan da 'ya'yansa. Ya ce Dokta ya duba shi ya ce olsa ce, shi kuma da ya san taya da giyar mota kawai, yaushe ya zama likita? Direba ya haƙura. Kafin ya koma hanya har ya biyo ta kemis, ya rusuna ya gaishe da Dokta, ya yi masa godiyar yadda yake kula da Baba. Dokta ya amsa godiyar yana goge kantar da ba ta da datti.

Wata Asabar, wata takwas da zuwan injin, Malama ta zo taya shi share shago kamar yadda takan yi lokaci lokaci. Ta sauke kwalabe ta goge, ta zo kan injin.

"Baba, wannan filastar ta yi baƙi ƙirin. Mutane za su ce ba mu da tsafta."

Kafin ya juyo ta ɓare ta. Ta goge wurin da auduga, ta ɗaura abin a damtsenta don ta ga ko yana aiki. Lambobi suka fito. Kusurwar ba komai. Uwarta ta shigo da abincin rana, Malama ta kama ta ta auna. Ba komai. Mai aski ya leƙo neman ruwan sanyi, shi ma aka ɗaura masa ana dariya. Ba komai. Dokta yana tsaye bayan kanta yana kallon kusurwar nan sau uku tana fitowa fayau.

"Saura kai, Baba."

"Na auna da safe."

"Ka sake, ni ban gani ba."

"Uwata, ina da aiki."

"Wane aiki? Ba kowa."

Ya miƙa hannun. Injin ya hura, ya saki. 'Yar zuciyar ta fito tana ƙiftawa.

Malama ta duba ta, ta dubi uban. Ta ja aljihun tebur, ta tona cikin tarin takardun da ke ciki har ta samo ta injin, tana nan a naɗe yadda ta zo. Ba ta yi minti ɗaya ba ta ga wurin. Ta karanta, ta fassara wa uwarta: in wannan alama tana yawan fitowa, bugun zuciyar mutum ba ya tafiya daidai, ya je ya ga likita.

Mai aski ya tuna ya bar mutum a kujera, ya fita. Uwargida ta zauna a kan kwali, ta ce, "Ɓeran ke nan." Malama ta tsaya da ɓararriyar filastar manne a yatsanta. Dokta ya jira ta tambaye shi wa ya manna, ko me ya sa bai karanta ba. Ba ta tambaya ba. Ta naɗe takardar a hankali ta ajiye a gabansa, ta ce za ta nemi izini a makaranta su je asibiti. Da ta yi masa faɗa da ya fi masa sauƙi.

Asibitin da ke kusa da su ya ƙi zuwa, don rabin masu jira a can sun taɓa zama a bencinsa. Ya zaɓi wani can ɗaya gefen gari, sai da suka hau mota biyu. Likitar da ta gan shi ba ta wuce sa'ar 'yarsa ta uku ba. Tana rubutu ta tambaye shi sana'arsa.

"Ɗan kasuwa ne," ya ce.

Malama ta sunkuyar da kai tana duban takalminta.

Aka kwantar da shi, aka manna masa wayoyi a ƙirji da hannu da ƙafa, wata doguwar takarda ta fito da zane. A lokacin kuwa zuciyar ta natsu kamar yaron da ya ga baƙi. Likitar ta ce wannan bai wanke shi ba, don abin da take zato yana zuwa ne ya tafi. Ta zana masa zuciya a bayan kati, ta nuna masa ɗakuna biyu na sama. Ta ce maimakon su matse su tura jini, sai su riƙa karkarwa, shi ne bugun yake rikicewa. Ba ta tabbatar ba tukuna, sai an ɗauki jini, sai kuma ya ɗaura wani ƙaramin inji a jikinsa na kwana biyu wanda zai riƙa rubuta duk abin da zuciyar ta yi. Ta ce mutane da yawa suna rayuwa da abin shekara da shekaru in suna shan magani. Haɗarin yana wajen wanda bai sani ba. Jini yakan kwanta a ɗakin nan ya daskare, gudan ya tashi ya toshe hanya a ƙwaƙwalwa, mutum ya wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye.

Dokta ya san wannan kalma. Ya sayar wa gidaje da yawa maganin shafa wa wanda ya kwanta.

"Likita," ya ce, "in mutum ya haura saba'in, yana da hawan jini, shi ma yana jin irin wannan, har da jiri fa?"

"Wannan ai ya fi ka bukatar zuwa. Wane ne?"

"Wani ne."

"To a kawo wanin nan cikin satin nan. Kar a jira."

Ranar Juma'a aka yi wannan magana, aka ce ya dawo Litinin da sassafe a ɗaura masa ƙaramin injin. Asabar Kafinta ya zo ya sha shayi, ya yi wa mai gyaran waya tsiyar cewa waya tana shiga rumfarsa da ciwo ɗaya ta fito da uku. Dokta ya shirya maganar tun daga gida, ya kai ta har bakinsa, sai wata mata ta shigo. Da ta fita wani ya shigo. Ya gode wa Allah da shigowarsu, ya kuma ji kunyar godiyar. Lahadi Kafinta ba ya zuwa. Litinin Dokta ya dawo daga asibiti da wayoyi a ƙarƙashin babbar riga, da ɗan akwati kamar na ashana a ɗaure a ƙugunsa. Ya tarar da Kafinta yana jiransa a benci, ya riga ya naɗe hannun riga.

"Yau Dokta ya makara. Ko an ƙara aure ne ba a gaya mana ba?"

Dokta ya dubi injin awon a kan kanta, kusurwar a buɗe.

"Batir ya yi sanyi, Yaya. Sai gobe."

"Kai da injinka duk kun tsufa."

Ya sauke hannun rigarsa, ya shanye shayinsa, ya kama hanya. Dokta ya fito bakin ƙofa yana kallon bayansa. Daga kemis zuwa wurin aikin Kafinta bai fi taku ɗari biyu ba. A tsakiyar hanya Kafinta ya tsaya, ya dafa falwaya, ya yi kamar yana karanta takardar da aka manna a jiki. Ya daɗe yana karatun.

"Kullum yanzu sai ya tsaya a nan," in ji mai aski, yana kaɗe tawul. "Tallar nan ta makarantar koyon tuƙi ya kusa haddace ta."

Dokta ya koma ciki. Ya sa injin a leda, ya sa takardar, ya ja ƙofa ya kulle, da rana tsaka, da mutum biyu a benci suna jira.

Ya tarar da Kafinta yana goge wata ƙofa da ya kwantar a kan jakai biyu na katako. Ƙamshin katako ya cika rumfar, ɓawon da yake fita ya taru har idon sawu.

"A'a, Dokta da kansa. Bencin ne ya karye?"

Dokta ya ɗaga rigarsa har wuya, ya nuna masa wayoyin.

"Rediyo suka sa maka?"

"Zauna, Yaya. Batirin lafiyarsa ƙalau. Ƙarya na yi maka ɗazu."

Kafinta ya ajiye abin gogewar. Bai zauna ba, ya jingina da ƙofar. Dokta ya faɗa masa duka a tsaye, idonsa a kan ɓawon katako. Ya faɗa masa 'yar zuciyar ba kowa take fito wa ba, su biyu ta fito wa. Ya faɗa masa bai karanta takardar ba ranar saboda mutane suna kallo kuma shi karatunsa a hankali yake, abin da bai taɓa furta wa ko matarsa ba. Ya faɗa masa abin da likita ta ce game da jini da ƙwaƙwalwa. Sannan ya fito da injin, ya ɗaura masa, ya juya gilashin yadda su biyun za su gani. Ta fito.

Kafinta ya daɗe yana kallonta. Ya cire fensir daga bayan kunne, ya juya shi, ya mayar.

"Ranar da na ce maka ana buga guduma a ƙirjina, ka sani?"

"Ban sani ba. Amma na ji tsoron in sani, don ni ma ana buga min."

"Sai ka ba ni maganin olsa."

"Sai na ba ka maganin olsa."

"Kwalba huɗu na sha. Ko daɗi babu."

Dokta bai iya yin dariya ba, Kafinta ma bai yi ba. Kafinta ya sa hannu ya share ɓawon da ke kan ƙofar, ya sake sharewa bayan ba saura.

"Ina ɗan shekara talatin na taɓa ganin tsaga a ƙafar wata kujera, na cike ta da gari na shafa fenti. Matar da ta saya tana da ciki. Allah ya kiyaye mijin ne ya fara zama, ta karye da shi. Ba ina cewa na yafe ba ne. Ina gaya maka ne na san yadda ake yi."

"Na ji, Yaya."

"Asibiti zan je. Amma yaron nan na ci masa mutunci a gaban iyalinsa saboda maganarka. Ba ni da bakin gaya masa." Ya zaro wayarsa daga aljihu, ya lalubo lambar, ya miƙa. "Kai za ka kira shi."

Direba ya ɗauka da ƙarar hanya a bayansa. Da ya ji muryar Dokta a wayar ubansa, sai ya tambaya da sauri ko lafiya. Dokta ya ce Baba yana nan tsaye a gabansa, sannan ya sake faɗin maganar daga farko. Karo na biyun bai fi na farko sauƙi ba.

"Baba Dokta," in ji Direba, "wata uku ke nan fa."

"Wata uku ne."

"Gobe ina hanya."

Ranar Laraba su uku suka tafi, Dokta zai mayar da ƙaramin injin, Kafinta za a gan shi. Takardar gwajin zuciyar Kafinta ba ta yi ɓoyo ba, ko wanda bai yi makaranta ba zai ga zanen ba ya tafiya a jere. Aka ɗora shi a kan magani tun ranar, aka sa masa ranar dawowa. Ƙaramin injin Dokta shi ma ya kama abin sau biyu, kuma akwai sauran gwaji a gabansa. Da likitar ta sake buɗe katinsa, ya ce mata ta gyara wajen sana'a, mai kemis ne. Ta ɗago ta dube shi, ta gyara.

Suna jiran magani a baranda, Kafinta ya tafi bayan gida, Direba ya matso. Tun safe bai yi wa Dokta magana ba in ban da gaisuwa. Bai ɗaga murya ba.

"Baba Dokta, mutum nawa ka auna da filastar nan a kai?"

Wannan tambayar ce Dokta yake ta kewayewa tun ranar Asabar ɗin da Malama ta ɓare filastar. Wata takwas, kullum mutum biyar, shida, yawanci tsofaffi.

Kafinta bai zo benci ba duk satin. Jikarsa ta ce yana gida yana hutawa, yana kuma yi wa kowa faɗa, wato da sauƙi. Dokta ya samo bayan wani kwali, ya rubuta da hannunsa, harafi manya manya, cewa duk wanda aka auna wa jini a nan tun zuwan sabon inji ya daure ya dawo a sake aunawa. Malama ta ce ya kawo ta rubuta masa da kyau, ya ce ta bari. Ya rataye a ƙofa, ya koma bayan kanta ya zauna, ya haɗiye ƙwayarsa ta safe da ruwa.

Wadda ta fara zuwa wata tsohuwa ce mai sayar da kayan miya a bakin titi. Ba ta karatu, mai aski ne ya karanta mata. Ta shigo tana gyara mayafi, ta zauna a kujerar awo.

"Dokta, an ce kowa ya dawo. Injin ne ya lalace?"

Amsar tana nan a shirye, ita ma ta miƙo masa ita da kanta. In ya ce e, ba wanda zai ƙara tambaya, kafin azahar duk layin zai ɗauka haka ne. Mai aski yana tsaye a ƙofa da tawul a kafaɗa, mai gyaran waya ma ya leƙo.

"Injin lafiyarsa ƙalau, Inna. Akwai wurin da yake nuna in zuciya ba ta bugawa daidai, ni kuma ban gane ba na rufe wurin. Laifina ne."

Tsohuwar ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai ɗin?"

"Ni ɗin. Kawo hannunki."

Ta miƙo. Ya ɗaura mata, ya danna, ya juya gilashin ya fuskance ta, ya nuna mata kusurwar da yatsa. Injin ya fara hurawa, su biyun suka zuba wa wurin ido.